Shanun Laka da Yaron da Ba Ya Magana

 

Da yawanmu mun san gidan da yake da yaron da ake kiran sunansa ba ya waiwayowa, alhali ba kurma ba ne. Ba ya son haɗa ido, maganarsa ta yi jinkiri ko ba ta zo ba sam, hayaniya kuma takan sa ya toshe kunnuwa yana kuka. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce iska ce, har a kulle shi a ɗaki a tafi kasuwa. Likitoci suna kiran wannan lalura otizim, da Hausa galahanga. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba laifin uwa ba ne. Tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu domin tunawa da masu ita.

Abin da na kawo muku yau ba a sayensa da naira ko sefa. Yumɓu ne, irin wanda maginan Mirriya suke gina tukwane da shi, irin wanda muka yi shanun laka da shi muna yara.

Yaro mai galahanga yakan sha wahala da abin da yake zuwa masa ba zato. Yumɓu kuwa yana bin hannunsa: in ya matsa ya lotsa, in ya mulmula ya dunƙule. Yawan matsawar yakan kwantar wa wasu hankali, yana kuma ƙarfafa yatsun da za su riƙe cokali da alƙalami. Sannan ba mai ce masa ya yi kuskure. Saniyar da ƙahonta ya karye, sai a sake gina ta.

Na ga wata uwa da ta shimfiɗa tabarma kusa da ɗanta mai shekara shida, tana gina shanu ba ta ce masa komai ba. Kwanaki yana jera su a layi, ba ya barin kowa ya taɓa. Wata rana ya guntsuro yumɓu ya sa mata a tafin hannu, ya tsaya yana jira. Ta ce mini ranar ce ya fara neman wani abu a wurinta ba da kuka ba.

In za ku gwada, ku zauna gefensa, kada ku tilasta masa ya dube ku. Ku kwaikwayi abin da yake yi, kuna faɗin gajerun kalmomi: ungo, ba ni, ƙara, saniya. Minti goma a lokaci guda kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako. Wanda yake ƙyamar damshi, a fara ba shi tsinke ya riƙa tsira yumɓun.

Ku kula da inda kuke ɗebo yumɓun, domin wasu yaran suna kai shi baki. Kada a ɗebo a bakin kwata ko kusa da inda ake sarrafa ma'adinai. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Babba ya zauna tare da yaron, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Yumɓu ba ya warkar da galahanga, kuma ba ya maye gurbin asibiti. Ku kai yaron a auna jinsa, a duba girmansa. Amma tun daga yammacin yau kuna iya shimfiɗa tabarma. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gida lafiya.