Me Ke Tura Ɗan Adam Ya Motsa? Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan uwa abokan karatu na Gaya da na Ajingi.

Sakatare ya ba ni minti goma in yi magana a kan abin da ke tura ɗan Adam ya motsa. Na karɓa ne domin gardamar da muka bari bara ba ta mutu ba, wato kuɗin da muka tara, kyauta za a saya wa ɗaliban da suka yi zarra, ko kuwa koko da ƙosai za a riƙa ba yara da safe?

Bari in fara daga gida. Labarin da muka gada ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya tashi daga Gaya ya tafi Dala neman tama, har garin ya ci sunansa. Yau ma da an gama girbi sai ka ga samarinmu sun cika tasha, sun bi ta Wudil, an tafi ci-rani. In ka tambaya, kowa ya ce abinci ya fita nema. Amma wani rumbun gidansu cike yake. Kuɗin aure yake nema, ko babur, ko dai kada a ce shi kaɗai ya zauna a gari.

A 1943 wani Ba'amurke, Abraham Maslow, ya jera bukatun mutum hawa biyar: na jiki kamar ci da sha da barci, sai kwanciyar hankali, sai ƙauna da zama cikin jama'a, sai mutunci, sa'an nan mutum ya kai iyakar baiwarsa. Ya ce muddin na ƙasa bai samu ba, shi ke riƙe da hankali. Akwai shaida. A Jami'ar Minnesota, daga 1944 zuwa 1945, an rage wa maza 36 abinci wata shida, da yardarsu. Hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu haka, wasu har tara littattafan girki suka shiga yi, karatu kuwa ya gagara. Malamanmu ba sa bukatar zuwa Amurka kafin su san wannan. Sun san idon yaron da ya tako daga ƙauye bai karya ba, musamman tun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kwanon hatsi ya yi tashin gwauron zabo.

To, amma ni ban yarda da Maslow duka ba. Wane ne cikinmu bai taɓa cewa "na ƙoshi" a gidan surukai ba, alhali cikinsa na kuka? Kunya ta danne yunwa ke nan. Kirk-Greene, a ɗan littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya sa kunya da mutunci cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Haka kuma a 2011 Tay da Diener sun duba ƙasashe 123, suka tarar bukatun suna nan ko'ina, sai dai ba dole su bi layi ba. Matalauci na jin daɗin girmamawa ko da tukunyarsa ba ta hau wuta ba. Tun a 1958 Harry Harlow ya nuna jariran birai sun fi maƙale wa uwar tsumma mai laushi a kan uwar waya mai ba da madara.

A ofis na ga wannan da idona. Na yi aiki a ƙarƙashin wani shugaba da bai taɓa karanta rahoton da na rubuta ba. Albashi na shiga, amma cikin shekara guda na koma mai sa hannu a rajista ya fice. Da aka sauya shi, sabon ya kira ni ya ce shafi na uku akwai kuskure. Wallahi daɗi na ji, domin an karanta! Daga baya na ga Frederick Herzberg ya faɗi haka tun 1959: albashi yana rage ƙorafi, amma himma daga aikin kansa take zuwa, da kuma a san ka yi shi.

Saboda haka shawarata ita ce kaso mafi tsoka ya tafi ga karin kumallo, domin kyautar zarra yaro uku take kai wa, kuma galibi waɗanda dama suke ci su ƙoshi. Sai dai a ba kowane yaro a aji, kada a ware 'ya'yan talakawa a jera su a layi. Na rantse wasu za su gwammace yunwa da wannan tonon asiri. Ragowar kuɗin kuma, maimakon agogo da kofi, a kafa kwamitin mutum biyar da zai riƙa zuwa makaranta kowane zango, ya zauna da malamai, ya buɗe littattafan yara ya karanta. Na sa sunana farko, kuma takarda tana hannun Sakatare.