Lafazi da Ma'ana: Jawabin Yaye Ma'aikatan Jinya a Barnawa

Ya ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau a wannan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa:

Malaman balaga na da, irin su Abdulƙahir al-Jurjani, sun daɗe suna bahasi a kan lafazi da ma'ana, wane ne ubangida, wane ne bara. Amma sai a 1861 ne likita Paul Broca na Faransa, bayan rasuwar wani majinyaci wanda gaɓa ɗaya tak, "tan", ta rage a bakinsa alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa, ya duba ƙwaƙwalwarsa ya tarar da lahani a gabanta ta ɓangaren hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka, wato mutum ya yi ta zuba, maganar ba kai ba gindi. Sa'an nan a 2016 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da suka sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna sauraron labarai, suka iske ma'anoni a shimfiɗe dama da hagu, har kalma guda takan motsa wurare da yawa. Ke nan in na ce "wuta", murhun gidanku da fitilar ɗakinku da wa'azin Lahira duk sun farka tare.

To, 'ya'yana, gobe za a kawo muku dattijo daga Kakuri ko Sabon Tasha wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, leɓensa na rawa, yana nuna buta da yatsa, sunanta ya ƙi zuwa, alhali kuwa in an ja masa Fatiha, ko waƙar majami'ar da ya haddace tun yarinta, sai ta gangaro sumul. Wani kuma Hausa da Turanci su kuɓuce masa, Gbagyin da ya tsotsa a nono ya saura. Ina gama ku da Allah, kada ku yi gaggawar cewa hankalinsa ya gushe, domin sau da yawa ƙofa ce ta cije, mai ɗakin yana ciki. Ku durƙusa ku ce, "Baba, butar kake so?", ku jira shi komai daɗewa, ku nemo mai jin harshen mahaifiyarsa.

Allah ya sanya albarka a hannuwanku, ya ba ku kunnen da ke jin abin da baki ya kasa furtawa.