Abokin Shi'ira da damar da sararin Girei ya ba mu

 Yau shirin namu zai ɗaga kai ne sama. Duk wanda ya fita tsakar gida da dare a lokacin sanyi ya san taurari ukun nan da suke jere reras. In ka bi layinsu ta wajen kudu, idonka zai faɗa kan wani farin tauraro mai walƙiya wanda babu kamarsa a haske cikin taurarin dare. Shi ne Shi'ira, wanda aka ambaci sunansa a Suratun Najmi, aya ta 49. Haskensa yakan yi tafiyar shekara takwas da rabi da 'yan kai kafin ya iso mana. Kuma ba shi kaɗai ba ne, yana da aboki ɗan ƙarami da ido ba ya gani. Abin da nake son in tabbatar muku shi ne, mu mutanen Girei da Jimeta da Yola mun fi yawancin mutanen Turai damar ganin wannan aboki da na'urar hangen nesa matsakaiciya, kuma damar tana da wa'adi.

An san da abokin nan tun kafin a gan shi. A shekarar 1844 wani masani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya lura cewa tafiyar Shi'ira a sama ba miƙaƙƙiya ba ce, tana ɗan karkacewa, sai ya ce lalle akwai wani abu mai nauyi da yake jan sa. Sai ranar 31 ga Janairu 1862 Alvan Graham Clark, maƙerin gilashin na'urori a Amurka, ya hango shi yayin da yake gwada sabon gilashi mai faɗin santimita 47. A 1915 kuma wani masani, Walter Adams, ya auna haskensa, ya gano cewa fari ne fat, ya fi rana zafi nesa ba kusa ba. To, abu mai zafi haka me ya dusashe shi? Ƙanƙanta. Girmansa bai wuce na wannan duniya tamu ba, amma nauyinsa ya kai na rana, ta yadda cokalin shayi ɗaya na jikinsa zai haura tan biyar. Ragowar tauraro ne da makamashinsa ya ƙare, ya dunƙule, yana hucewa a hankali. Masana suna ce wa irinsa farin wada, kuma wannan ne mafi kusa da mu.

Wahalar ganinsa ba daga dusashewarsa take ba, don da shi kaɗai ne a sarari, da ƙaramar na'ura ma ta nuna shi. Matsalar ita ce Shi'ira ya fi shi haske wajen sau dubu goma, ga su kuma dab da juna. Suna kewaya juna sau ɗaya cikin shekara 50, tazarar tana buɗewa tana tsukewa. Sun matsu a 1994, sun fi buɗewa a wajen 2022 zuwa 2023, yanzu kuwa sun fara komawa, za su sake matsuwa a wajen 2044. Ko a lokacin buɗewar ma tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin 160 na faɗin wata ba. Don haka ƙaramin motsin iska a sama ya isa ya baza hasken babban ya haɗiye ƙaramin. A nan ne matsayinmu ya yi rana. Girei tana digiri tara da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, saboda haka Shi'ira yakan hau har digiri 64 a samanmu. A Landan ba ya wuce digiri 22, haskensa yana ratsa iska fiye da ninki biyu na wadda yake ratsawa a nan, shi ya sa can yake rawa yana sauya launi. Wannan falala ce da kuɗi ba ya saya, mu kuwa muna kwana a ƙarƙashinta.

Na san wani zai ce, Malam, ka manta da hazo. Gaskiya ne, lokacin da Shi'ira ya fi kyan gani da dare shi ne lokacin hunturu, kuma ƙura tana baza haske, daren da ta yi kauri kada ma a wahalar da kai. Amma ba kullum ake hazo ba, kuma tauraron ba na wata ɗaya ba ne. A ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya wanke sama ya ɗauke, yakan kai ƙololuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba. A tsakiyar Fabrairu ƙarfe tara na dare, a tsakiyar Maris kuma jim kaɗan bayan magariba, lokacin da sauran hasken yamma yake rage masa kaifi. Abin da ake nema shi ne daren da taurari suka natsu ba sa ƙyaftawa. Fitilun Jimeta da ake hangowa a ƙetaren Binuwai ba za su hana komai ba.

Aikin kansa na haƙuri ne. A samu na'ura mai madubi na santimita 20, a fitar da ita waje kamar awa guda don zafinta ya daidaita da na iska, a kafa ta nesa da rufin kwano da kwalta masu fitar da zafin rana. A fara gwaji da Rijil, farin tauraron da yake gefe ɗaya na taurari ukun nan, wanda shi ma yana da aboki a tazara makamanciya amma mai sauƙin gani. Sannan a koma kan Shi'ira, a ƙara girma sau 200 zuwa 300, a bar shi ya riƙa tafiya a cikin gilashin. A shekarun nan abokin yana ta gabashinsa, don haka a bayansa zai biyo. Sau da yawa sai an yi dare da dama kafin ɗigon ya bayyana na ɗan lokaci.

Akwai kuma mai cewa hoton abokin yana intanet, kuma ga matsalolin da suka fi wannan. Ban raina matsalolin ba. Amma hoto ba ya koya wa ɗalibi daidaita madubi, ko rubuta abin da ya gani, ko tuhumar idonsa kafin ya yi iƙirari, kuma wannan tarbiyya ita ce kimiyya. Misali yana kusa da mu: a 1950 wasu masu bincike, Marcel Griaule da Germaine Dieterlen, sun rubuta cewa 'yan ƙabilar Dogon ta ƙasar Mali sun san abokin Shi'ira, labarin ya cika duniya, amma wani mai bincike, Walter van Beek, da ya zauna a cikinsu ya bayyana a 1991 cewa bai tarar da haka ba. Wanda ya taɓa gumi a bakin na'ura ya san dalilin yin taka-tsantsan da irin wannan magana. Ga shi kuma na'urar ɗaya za ta yi shekaru tana nuna duwatsun wata da zoben Zuhal, ta kuma taimaka wajen duban jinjirin wata.

Don haka ina kira ga malamai da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Modibbo Adama da ke nan Girei, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, da shugabannin makarantun sakandare da masu hannu da shuni, a haɗa kai a tanadi na'ura ko da guda ce, a sa daren kallo da yaran gari za su halarta, tun tazarar ba ta tsuke ba.