Bikin Ƙauye Aikin Gayya Ne: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



An umurce ni in yi muku bayani a kan irin bikin nan da mutanen ƙauye kan shirya da kansu, watau a kafa zango a fili kwana biyu ko uku, a yi kaɗe-kaɗe da raye-raye, masu sana'a su baje aikin hannunsu, alhali kuwa masu ɗawainiyar ba wanda aka biya ko anini. Zan fara da labarin wani ƙauye na Ingila, domin a cikinsa akwai abin koyi, akwai kuma abin lura.

Sunan ƙauyen Towersey, yana kusa da garin Thame cikin lardin Oxford, mutanensa kuwa ba su kai 500 ba. A cikin 1965 ɗakin taronsu ya bukaci gyara. Sai waɗansu daga cikinsu, har da wani mai suna Denis Manners, suka shirya wasan waƙoƙi da raye-rayen gargajiya na yini ɗaya a ƙarshen watan Agusta don su tara kuɗin. Abin ya karɓu, ya zama na kwanaki, baƙi suna zuwa da tantunansu su kwana a fili. Masu tsaron ƙofa da masu nuna wa baƙi masauki 'yan sa kai ne, ladansu shiga kyauta. A hankali taron ya kai dubban mutane, har a 2015 aka tashe shi daga ƙauyen aka mai da shi filin baje koli na Thame. Annobar korona ta hana taruwa a 2020 da 2021. Da aka dawo sai aka tarar kome ya yi tsada, saboda haka masu shiryawa suka sanar cewa bikin 2024, shekara ta 60 da farawa, shi ne na ƙarshe.

To, ga abin lura. Ƙaramin biki hannuwan jama'a ne ke ɗauke da shi, amma in ya ƙasaita sai da hayar fili da kaya da ma'aikata, ran da kuɗi suka gaza kuwa sai ya tsaya. Don haka a auna taron da yawan masu aikin. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama mun san gayya tun kaka da kakanni. Sai dai gayya roƙo ce, ba tilas ba. Hakimin da ya aika dogari ya tattaro samari zai sami masu aiki bana, baɗi kuwa kowa sai ya ce yana da uzuri. Abin da ya kamaci Hakimi shi ne ya ba da fili da izni, ya sanar da ƙaramar hukuma da 'yan sanda, ya sasanta in an sami saɓani, sa'an nan ya bar kwamiti ya yi aikinsa. A sa dagaci da Sarkin Samari da Sarkin Makaɗa da Sarkin Kasuwa a ciki, kada kuma a manta da wakiliyar mata, tun da abinci da ruwa a hannunsu suke. A raba aiki bi da bi, kowa ya san sa'ar kamawarsa da ta tashinsa, domin wanda ya yini yana ɗiban ruwa bai ga wasa ba, ba zai sake zuwa ba.

Game da zango, a zaɓi lokacin da aka gama kaka, gonaki sun zama fili, rumbuna sun cika. Tun kafin a kafa rumfa ko ɗaya a kira duba-gari ya nuna wurin masai. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi a sansani ita ce masai ɗaya ga mutum 20, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, da ruwa lita 15 ga kowane mutum a yini. A ware na mata dabam. A bar rata tsakanin bukkoki, a keɓe wurin girki waje ɗaya, gama zana da iskar hunturu ba su jimrin tartsatsi.

Ku kuma Malamai, littafi ne amanarku. A rubuta kowane kwabo da ya shigo da wanda ya fita, har da gudummawar hatsi da itace, da sunan mai bayarwa. Kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai rubutawa. In an watse a karanta lissafin a ƙofar fada kowa ya ji, a ajiye wani abu don baɗi. Zargi a kan kuɗi ya fi ruwan sama saurin watsa taro.

Daga ƙarshe, kashegari a share gonar mai gona a mai da masa ita yadda ya ba da ta, a kuma gode wa ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Wannan godiya ita ce albashinsu.

Allah shi ba mu sa'a, shi ƙara wa Sarki lafiya. Wasalam.