Ƙarfin Ƙara Ba Shi Ne Ma'aunin Haɗari Ba: Lacca Kan Kukan Sitiyarin Mota

Magana ɗaya nake so in kafa yau game da ƙarar da mota ke yi idan an karya kwana: yawancinmu muna auna haɗarinta da ƙarfinta, alhali a sitiyari ƙarar da ta fi cika kunne ita ce sau da yawa mafi sauƙin lahani, wadda kuma da ƙyar ake jin ta ita ce ke iya raba taya da mota.

Bari mu fara da mai ƙarfin. Tun da kamfanin Chrysler ya fito da sitiyari mai pawa a motar hawa a 1951, motoci da yawa sun dogara da famfon da bel ke juyawa daga inji, yana tura mai da matsi zuwa rak domin ya rage wa direba nauyi. Idan man ya ragu saboda yoyo, famfon sai ya zuƙi iska, man ya yi kumfa, sai a ji wani kuka mai tsawo da ke tashi da sauka tare da totur, ya kuma tsananta idan an murza sitiyari har ƙurewa. Idan kuwa bel ne ya saki ko ya yi santsi, tsuwa ce mai kaifi, musamman da safe. Wannan kuka ne ke kai mutane gareji da gaggawa, domin yana kunyata mai mota a bainar jama'a. Ba na raina shi: famfon da aka bari ba mai zai ƙone, sitiyari ya yi tauri. Amma ko famfo ya mutu murus, haɗin ƙarfe tsakanin hannun direba da tayoyi yana nan, motar tana juyuwa, sai dai da ƙarfin damtse.

Na biyu shi ne ƙas-ƙas-ƙas ɗin da ake ji idan an karya kwana sosai ana taka totur. A zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, tayoyin baya ke tura mota, na gaba aikinsu juyawa kawai. Motocin da suka cika titunanmu yau, irin su Corolla da Golf, tayoyin gaba ne ke ja kuma su ne ke juyawa, saboda haka akwai gaɓa a bakin shaf, galibi mai ƙwallayen ƙarfe 6, da ke isar da ƙarfin inji ga taya ko da ta karkata. Gaɓar tana cikin giris, an rufe ta da roba. Da zarar robar ta tsage, giris ya watse, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga, sai abin da aka zuba don santsi ya koma yana cin ƙarfen. Irin wannan shaf yakan daɗe yana ƙara kafin ya karye, idan kuma ya karye, yawanci motar tsayawa take yi, inji na ruri ba tafiya.

Yanzu ga wadda ta sa na tsaya gabanku. Akwai wani ƙwal guda, ko gurnani ƙasa-ƙasa, da ake ji idan an fara juya sitiyari ko an hau gargada. Rediyo yana danne shi, hirar fasinjoji tana danne shi. Sau da yawa daga boljoyin ko bakin tairod yake fitowa. Dukansu ƙwallon ƙarfe ne zaune cikin gurbi: boljoyin yana riƙe da ƙafar mota, tairod yana kai umarnin sitiyari ga taya. Idan gurbin ya cinye, ƙwallon yana wasa a ciki, ranar da ya fice kuwa ba a sanarwa. Tairod ya fice, taya ta daina bin sitiyari. Boljoyin na ƙasa ya fice, taya ta lanƙwashe ƙarƙashin mota. Duk mai bin hanya ya sha ganin mota durƙushe a kwana ko a bakin shataletale, taya ɗaya a karkace. A can an yi sa'a, gudun kaɗan ne. A kan hanyar Kano zuwa Zariya, da mota cike da mutane, labarin daban ne.

Na san abin da wasu za su ce: tsohuwar mota ba ta rasa ƙara, da hanyoyinmu kuma babu ƙafar da za ta yi shiru. Akwai gaskiya a nan. Busasshen bush ko boris na kan shokabzoba suna ƙara ba tare da sun jefa rai cikin haɗari nan take ba. Amma wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Tun da ƙara mai kisa da marar kisa suna kama a kunne, ba kunne ne zai yanke hukunci ba. A ɗaga motar da jak, a kama taya dama da hagu a girgiza, sannan sama da ƙasa, wani yana leƙen gaɓoɓin yana duba robobinsu. Aikin mintuna ne, kuma kowane mai gyaran ƙafa ya iya shi.

Wasu kuma za su ce kuɗi ne babu, kuma direban haya da ke neman balas kullum ba zai ajiye mota don ƙwal ɗaya ba. Ban ɗauki wannan da wasa ba. Sai dai a duba inda kuɗin ke tafiya. Ana sayen famfo ɗan Beljiyam, wato na hannu, a kasuwar Ƙofar Ruwa don a kashe kuka, alhali tiyon da ke yoyo yana nan, famfon da aka sayo ma zai bi sahun tsohon. Ana cusa giris a cinyayyen boljoyin, ko a bubbuga gurbinsa da guduma ya matse, sai ƙarar ta ɗauke, lahanin yana nan, an dai kashe gargaɗin. Mafi muni, wasu na zuba man birki a tankin sitiyari, wanda ke lalata robobin rak da famfo gaba ɗaya. Talaucin gaske ne, amma ɗan abin da ake da shi ana kashe shi ne kan abin da ya dami kunne, a bar abin da ke riƙe da taya, wanda sau da yawa bai kai famfo tsada ba.

Akwai kuma masu ganin sabbin motoci sun raba mu da wannan. Gaskiya ne tun da Suzuki ta fito da sitiyari mai amfani da lantarki a 1988, motoci da yawa ba su da famfo, ba mai, ba bel na sitiyari, kukan farko ya tafi. Amma boljoyin da tairod da shaf suna nan yadda suke. Abin da ya ɓace shi ne dalilin da ke kai mai mota gareji har bakanike ya leƙa ƙarƙashinta.

Saboda haka kirana ga ƙungiyoyin direbobi da jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa tun 1988, shi ne a sa girgiza tayoyin gaba da duba robobin ƙafa cikin abin da ake bincika kafin motar haya ta yi lodi a tasha, yadda ake duba fitila da taya da abin kashe gobara.