DOGO YA TSAYA, JEGO NA TAFIYA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Maganata a yau a kan hanyar da ke kawo 'ya'yanmu gida ce. Zan fara da abin da ya faru a gidana, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙarshen shekarar 2024 'yata ta taso daga Masar, inda mijinta yake karatu, da jaririya 'yar wata uku, don ta yi yawon arba'in da nisa ya hana ta yi a kan kari. Ta sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Nan ta shiga ƙaramin jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka kuma farfaɗo da shi a 2024. Ya sauke ta a Idu, ta shiga babban jirgi zuwa Rigasa ta Kaduna. Wannan layi mai tsawon kilomita 186 ya fara aiki a 2016. Ta ce a cikin tarago ta shayar da yarinya a natse, da ta yi kuka kuma ta goya ta, ta yi ta kai da kawowa har barci ya ɗauke ta.

To, a Rigasa daɗi ya ƙare. Sauran tafiyar, fiye da kilomita 200, a motar haya aka yi ta: Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, sannan Bunguɗu. Mutum huɗu a kujerar baya, ga zafi, ga ƙura, ga direba yana sauri kada magariba ta riske shi a hanya. Duk wanda ya san halin tsaro tsakanin Funtuwa da Tsafe ba zai ga laifinsa ba. Da ta iso, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ku yi mini aikin gafara, ba zan sake biyo hanyar nan da goyo ba sai an yaye ta." Ban iya ce mata komai ba.

Abin takaici, a gefen hanyar da ta sha wannan wahala akwai dogo a kwance. A 1929 aka kammala layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Gyaɗa da auduga Turawa suka shimfiɗa shi ya kwasa, amma shi ya mayar da Gusau babbar kasuwa. Lokacin da muke kwalejin horon malamai mun shiga shi tare da mata masu jego, da ƙwaryarsu da tulun ruwansu, ba mai fargaba. Yau an daɗe rabon da mu ji kukan jirgin fasinja a tashar Gusau.

Wani zai ce, me zai hana jirgin Abuja ya wuce har nan? Dalili shi ne faɗin dogon ba ɗaya ba ne. Tsohon layi ƙafa 3 ne da inci 6, sabon kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Saboda haka ko dai a gyara namu a riƙa canjin jirgi, ko a shimfiɗa mana sabo. Ban kuma ce jirgi ya fi ƙarfin tsautsayi ba. Ba mu manta da harin 28 ga Maris, 2022 a hanyar Abuja zuwa Kaduna ba. Dogo ba ya rayuwa sai da tsaro.

Ina roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, mu haɗa kai da 'yan uwanmu na Gusau da Tsafe da Ƙaura mu kai kuka wurin wakilanmu a Majalisar Tarayya. A 2024 aka fara aikin filin jirgin sama a Gusau, madalla, amma talaka da mai goyo dogo suka fi bukata. Na biyu, mu ja kunnen masu gine-gine a filin dogo da masu sayen ƙarafansa, domin gyara ba ya yiwuwa a inda aka cinye hanya. Na uku, kafin Allah ya kawo wannan rana, reshenmu na Kaduna ya ware gida guda inda mai jego za ta kwana, ta kama hanya da sassafe, a kuma biya mata kujera biyu.

Ku kuma iyaye mata, ku tuna wa 'ya'yanku su riƙe katin rigakafi, kada kuma a ɗura wa jaririn da bai kai wata shida ba ruwan hanya. Nonon uwa ya ishe shi.

Jama'a, an ce zumunta a ƙafa take. Jikan da bai taka garin kakansa yana ƙarami ba, da wuya ya nemi hanyarsa in ya girma. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya raya mana zuri'a.