Neman Makasar Sankarar Ƙashi



Maharbi ya san kowace dabba da makasarta. Inda za ka harbi barewa ta faɗi nan take, in ka harbi ɓauna a wurin sai dai ka tunzura ta. Abin da masu binciken sankara suka daɗe suna nema ke nan: furotin guda da ciwon ya jingina rayuwarsa a kai, a ɗana masa magani, a bar sauran jiki lafiya. An ga ranar wannan dabara a 2001, da imatinib ya fito ya mai da wani nau'in sankarar jini ciwon da ake zama da shi, ana haɗiyar ƙwaya kullum. Mun ɗauka ƙashi ma lokacinsa ya zo.

Har yau muna jira. Ku ɗauki ostiyosakoma, wadda ta fi kama matasa, galibi a kusa da gwiwa. Na tuna wani yaro ɗan shekara 15 da aka kawo mana. An ce targaɗe ya yi a filin ƙwallo, mai ɗori ya ɗaure ƙafar wata uku, ga shi ciwon ya fi tashi da dare, kumburin kuma kullum gaba yake. Da muka ɗauki hoton ƙirjinsa, sankarar ta riga ta isa huhu. Kafin shekarun 1970, ko an yanke ƙafa, kusan biyu cikin goma ke tsira. Zuwan magungunan methotrexate da doxorubicin da cisplatin ya kai adadin shida ko bakwai cikin goma, in ciwon bai bazu ba. Tun shekarun 1980 kuwa a nan aka cije.

Me ya tsayar da mu? A 2011 masu bincike a Cibiyar Sanger ta Ingila suka nuna cewa a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sankarar ƙashi, kuromosom kan tarwatse ne gaba ɗaya, kamar tulu ya suɓuce daga kai, sannan ƙwayar halitta ta liƙa gutsattsarin yadda ta ga dama. Marasa lafiya biyu a gado kusa da gado, amma fashewar kowa daban. Abin da suka fi haɗuwa a kai shi ne lalacewar ƙwayoyin gado na TP53 da RB1, su kuwa birki ne. Magani ya iya toshe abin da ya yi yawa. Mayar da birkin da ya tsinke fa, wannan ba mu iya ba tukuna.

Sankarar Ewing ta fi ba ni takaici, domin ita mun san makasarta. Tun 1992 Olivier Delattre da abokansa a Cibiyar Curie ta Faransa suka gano cewa musayar yanki tsakanin kuromosom na 11 da na 22 ce ke haifar da furotin EWS-FLI1, wanda ake samu a kusan kashi 85 cikin ɗari na masu ciwon. Shekara talatin da ɗoriya ana kallonsa. Ba shi da wani lungu da magani zai maƙale, santsi gare shi kamar tarwaɗa a hannu. An bi ta ƙofar baya da magungunan toshe furotin IGF-1R, kusan ɗaya cikin goma ya samu sauƙi na ban mamaki, amma da aka kasa gane wa zai amfana, sai kamfanoni suka janye. A ganina an yi gaggawar yar da kwari.

Inda kibiya ta samu shiga shi ne ƙarin ƙashi mai manyan ƙwayoyi: a 2013 Amurka ta amince da denosumab, mai toshe furotin RANKL. Sai dai 'yan kwangilar da ƙarin ya ɗauko su cinye ƙashi yake kora, shi uban gayyar yana nan, in an daina allura yakan dawo.

Ɗaliban ɗakin gwaje-gwaje, ga naku. Ƙashi ba ya yankuwa sai an tausasa shi, mu kuma asid mai ƙarfi muke tsoma shi don sakamako ya fito da wuri. Asid ɗin nan yana dagargaza DNA, samfurin ya tashi daga aiki. EDTA yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, amma yana barin ta yadda take. Akasarin samfuran da aka karanta zuwa yanzu daga Turai da Amurka suka fito, alhali sankarar Ewing ma kanta ba ta cika kama baƙar fata ba, wato ba lallai nasu ya zama namu ba. In samfuri ya zo hannunku, ku gutsuri ɓangare mai taushi ku ajiye daban kafin ku buɗe kwalbar asid.